Shi ya gano takardar motata, shi kuma ya yaga ta

Mako uku ke nan da zuwan mutumin da ya yi wa tsohuwar motata ƙiyasin farashi, amma har yau in na buɗe durowar da na adana takardar nan sai zuciyata ta yi baƙi. Ranar da ya zo, tun bai gama haɗa kayansa ba na ce wa uwargida tauraro biyar zan ba kamfaninsu. Yanzu biyu na ba su, su ma albarkacin ilimin da na ƙaru da shi ne.

Motar Chevelle ce ta kamfanin Chevrolet, ƙirar 1970, mai ƙofa biyu, koriya mai duhu, da tambarin SS 396 a gefenta. Na saye ta a hannun wata tsohuwa maƙwabciyarmu a nan Kolumbas ta jihar Ohayo bayan rasuwar mijinta. Ta yi shekaru a garejinsu lulluɓe da tamfol. Ba a taɓa sake mata fenti ba, kujerunta na asali ne, har ƙaramar rediyonta tana nan. Ni direban babbar mota ne, injin dizal na sani, waɗannan tsofaffin motoci masu ƙaton inji da Amurkawa ke ji da su ba fannina ba ne. Masu inshora suka ce sai na kawo takardar ƙiyasi kafin mu tsayar da farashi. Ni ma ina so in sani, don ba na son ya zama na danne haƙƙin tsohuwar nan a cinikin da muka yi. Na biya dala 450, ban da kuɗin hanya, aka turo mini wani dattijo da ya ce ya daɗe a harkar.

Gaskiya ya san aikinsa, wannan ba zan ɓoye ba. Shigowarsa ke da wuya ya hango injin goge fenti da na aro a kan benci, ya ce in mayar wa mai shi. Na gaya masa shirina shi ne in kai ta a cike wuraren da suka loma, a fesa mata sabon fenti, kamar yadda kowa zai yi a gida in ya samu tsohuwar mota. Ya girgiza kai. Ya ce masu neman irinta fentin kamfani suke biya wa kuɗi, ko da ya koɗe ya tsattsage, kuma in aka fesa wani a kai shi ke nan, babu kuɗin da zai dawo da shi. Ya zaga ta da na'urar auna kaurin fenti da ɗan maganaɗisu, yana mannawa yana cirewa. Wuri ɗaya kawai maganaɗisun ya ƙi kamawa, ƙasan ƙofar direba, inda aka taɓa yin ciko. Ya nuna mini wani rubutun alli mai maiko a bangon da ke raba inji da cikin mota, ya ce na ma'aikatan kamfani ne, kada ruwa da sabulu su kusance shi.

Da ya karanta lambar motar ta gilashin gaba ne cikina ya ɗuri ruwa. Ta fara da 13637, sai 0 na shekara, sai B, wato an haɗa ta a Baltimo. Ya ce wannan lamba Malibu, wani samfurin Chevelle, mai inji silinda takwas kawai take nufi. A 1970 SS ƙari ne da mai saye ke zaɓa, ba ya fitowa a lambar mota, tambarin kuma kowa na iya sayensa ya ɗaura. Shi ya sa jabun SS suka cika kasuwa. Na tsaya ina kallon tambarin da na dogara da shi na zuba kuɗina.

Sai ya koma kan inji. Akwai wani ɗan fili a jikin injin, ta gaba a ɓangaren fasinja, inda kamfani ke buga lamba. Datti da baƙin mai sun rufe shi. Na miƙa masa samfefa, ya ƙi karɓa, ya ce ita ce ke kashe shaida, domin har layukan da injin kamfani ya bari a kan ƙarfen ana dubawa don a gane ko an kankare an sake bugawa. Da tsumma da man wanke ƙarfe ya yi ta gogawa a hankali, ya haska tocila, ya karanto mini lambobin ɗaya bayan ɗaya ina duba na gilashi. Suka dace. Injin da ta fito da shi ne, bayan shekara sama da 50. Na yi hamdala a fili. A nan ya gaya mini cewa ko da an rubuta 396, girman cikin injin na wannan shekara inci 402 ne, sunan kawai Chevrolet ta bari don mutane sun saba da shi, ƙarfinsa kuma na doki 350. Abokaina da ke turo mini hotunan gwanjo suna cewa na tsinci dami a kala, LS6 suke gani, mai inci 454 da ƙarfin doki 450, wadda guda 4,475 kacal aka yi. Tawa ba ita ba ce, kuma dama ban sa rai ba.

Tsatsa ya duba da gaske, har kwanciya ya yi a kan kwali. Wanda ya san gishirin da ake watsa wa titunan Ohayo lokacin dusar ƙanƙara ya san abin da ake tsoro. Gefen gilashin baya ya ci, ƙasan but ya huje wuri biyu, amma ƙashin motar lafiya lau. Mita na nuna mil 61,000 da 'yan kai. Tunda lamba biyar ce, tana iya zagayowa ta koma sifili, don haka bai yarda da ita ba sai da ya duba cinyewar robar birki da lomawar kujerar direba.

To, 'yan uwa, ga inda abin ya lalace.

Ya ce saura abu ɗaya, takardar haɗi. Ita ce takardar da ke bin mota a layin kamfani, an buga duk abin da aka sa mata, ma'aikata kuma sukan cusa ta a ƙarƙashin kujera, ko saman tankin mai, ko ƙasan kafet. Muka ɗaga kujerar baya muka kifa ta. Ga sheƙar ɓera a gefe guda, ga kuma wata takarda ruwan ƙasa a maƙale tsakanin sifirin da buhun kujerar. Har ihu ya yi. Ni kuma na juya in ɗauko waya in ɗauki hoto. Kafin in juyo ya sa yatsu biyu ya fizgo ta. Na ji ƙarar da kunnena, kamar an taka busasshen ganye. Mutumin da ya hana ni taɓa ƙarfe da samfefa, shi ne ya ja takardar da ta shekara 50 a matse kamar yana ciro rasit daga aljihu. Bai ɗauki hotonta a inda take ba, bai sassauta wayar da ta danne ta ba. Na ce, "Yallaɓai, ai ta yage." Ya ce ba komai, duk haka suke fitowa. Ya ɗora ta a kan bonet ya ɗauki hotuna, ya ce in sa ta a ambulan. Murna ta rufe mini ido a lokacin, na yarda da shi, har ruwan sanyi na kawo masa na raka shi mota ina godiya.

Sai da dare, bayan sallar isha, na shimfiɗa ta a kan tebur. Yagewar ta bi ta ƙasa ne, daidai inda aka jera lambobin abubuwan da aka ƙara wa motar. Z25, lambar da ke cewa SS 396 ce, ita na fi buƙata a duk takardar. Z da rabin 2 suka rage. Na koma gareji da tocila na durƙusa ina neman guntun, abin da na samu gari ne kawai a kan kafet. Na daɗe a wurin ban tashi ba.

Washegari na kira shi. Ya ce in kwantar da hankalina, L34, lambar nau'in injin, tana nan ana karantawa, kuma a 1970 ba a sa wannan inji a Chevelle sai da SS. Wannan gaskiya ne, na bincika na tabbatar. Amma ni ba darasi na kira in ji ba, so nake ya ce ya yi kuskure. Bai ce ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da bakinsa ya gaya mini darajar takardar. Mai Pontiac yana iya aikawa a turo masa kwafin takardun motarsa, mai Ford ta waɗannan shekaru yana da rahoton Marti, Chevelle ɗin da aka haɗa a Oshawa ta Kanada ma akwai bayananta a ajiye. Wadda aka haɗa a Baltimo ba ta da inda za a je a nemo. Abin da ke ƙarƙashin kujera shi ke nan. Ya san haka sarai, ya kuma fizga.

Rahoton da aka ce kwana 5, sai da ya kwana 16, bayan na kira sau huɗu. Cikinsa ba laifi. Ya ajiye motar tsakanin mataki na 3 da na 4 a ma'aunin lafiyar tsofaffin motoci na kamfanin Hagerty, ya kawo motoci irinta da aka sayar a gwanjon Mecum da Bring a Trailer, kuma farashin da aka biya ya ɗauka, ba wanda masu talla ke kira ba. Ya tsaya a dala 38,000, ya bayyana abin da ya rage saboda tsatsa da abin da ya ƙara saboda inji da fenti na asali. Ya ɗara abin da na biya, na kuma je na gaya wa tsohuwar da kaina. Ta ce ciniki ya riga ya ƙare, sai dai in na tayar da motar in zaga da ita unguwa sau ɗaya.

Amma a shafi na uku ya rubuta cewa an samu takardar haɗi a yage, wani ɓangare ba ya karantuwa. An samu! Ina tsaye a gabansa ya yaga ta. Duk wanda zai saya nan gaba wannan layi zai karanta, kuma da shi zai tsaya yana rage mini kuɗi. Bugu da ƙari, an juya lambobi biyu na lambar motar a shafin farko, masu inshora suka dawo mini da rahoton. Na rubuta wa ofishinsu, na haɗa da hoton kujerar da gutsurin da ya rage maƙale a sifirin. Suka ce za su gyara lambar kyauta, maganar takarda kuwa ba su ce uffan ba.

In za ku kira su, ku kira, dattijon ya san inji ya san fenti. Amma kada ku bari ya ɗaga kujera sai wayarku na hannu, kuma ku ce masa ku za ku ciro duk takardar da aka gani, ko da zai ɗauki awa guda. Tawa yanzu tana cikin leda marar gam tsakanin kwali biyu, a cikin durowar da nake ajiye fasfo. Gyararren rahoton har yau bai iso ba, jiya ma na sake kira aka ce mutumin ya tafi duba wata mota a Mishigan.