Wata takwas da manhajar lissafin al'ada, ga masu amosanin gaɓɓai

Ɗinki nake yi a unguwar Nima, a birnin Accra. Shekara huɗu ke nan da aka tabbatar mini a asibitin Korle Bu cewa abin da ke kumbura mini yatsu amosanin gaɓɓai ne, irin wanda garkuwar jiki ke afka wa gaɓɓan mai ita, wanda likitoci ke kira rumatoyid. Ina shan maganin methotrexate sau ɗaya a mako, amma duk da haka akwai ranakun da nake tashi da asuba yatsuna a sandare, almakashi ma ba ya riƙuwa sai hantsi.

Ƙanwata ce ta sa mini wata manhajar lissafin al'ada a waya. Ta ce, "Yaya, duk ranar da ciwon ya motsa ki rubuta a nan."

A wata na uku abin ya fito fili. Kwana uku ko huɗu kafin in fara fashin sallah wuyan hannu ke ɗaukar zafi, gajiya ta danne ni, sai jini ya yi kwana biyu sannan in samu sa'ida. Shekara da shekaru ina ɗora laifin a kan sanyin damina da wanki! Da na nuna wa likita, ta ce sinadaran mata biyu, istrojin da furojestaron, suna sauka ƙasa gab da zuwan al'ada, kuma mata da dama suna kukan tashin ciwo a daidai lokacin, ko da yake ba kowace ba. Ta ƙara da cewa mata da yawa kan samu sauƙi in suna da ciki, ciwon ya dawo bayan haihuwa. Nan jikina ya yi sanyi, don bayan arba'in ɗin autana nawa ya fara. Ashe shi ya sa ɗakin jiran asibitin nan kusan duk mu mata ne; Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce cikin mutum miliyan 18 masu cutar a 2019, kusan kashi 70 cikin ɗari mata ne.

Yanzu kafin in karɓi ankon biki sai na duba waya. Aikin da ke son yanka da yawa ba na sa masa rana a wannan makon.

Inda manhajar ta gaza: Turanci zalla ce, kuma tana da gurbin ciwon mara da ciwon kai amma babu na gaɓɓai, sai dai in rubuta da kaina. Talla kuma tana cinye data.

Abu ɗaya nake roƙon 'yan'uwa mata. Kada mai shan methotrexate ta dogara da kwanakin da manhaja ta nuna don tazarar haihuwa, domin maganin yana illa ga ɗan tayi. Wannan da likita ake shirya shi. Ni dai ina kwafe komai a littafin awona saboda tsoron ɓatan waya, kuma shi nake tafiya da shi asibiti.