Na biya kuɗin shawara kan lokacin fara neman aiki, ga yadda na gan shi

Salam 'yan uwa likitoci, musamman ƙannenmu da ke hausmanshif yanzu, wato shekarar horon aiki a asibiti bayan gama karatun likita. Watanni kaɗan kafin in gama bautar ƙasa wata abokiyar karatuna ta turo min lambar wasu likitoci biyu da suka buɗe harkar ba da shawara ga sababbin likitoci, ana biyan kuɗi a yi zama uku da kai ta Zoom, su gyara maka CV, sannan su saka ka a wani guruf na WhatsApp da suke turo guraben aiki. Kuɗin bai fi abin da nake kashewa a data na wata ɗaya ba, shi ya sa na ce bari in gwada.

Zama na farko shi ne ya biya min kuɗina wallahi. Daktan da ta zauna da ni ba ta fara da CV ba, cewa ta yi in ɗauko kalanda, muka faro daga ranar da zan karɓi takardar sallama ta NYSC muna komawa baya wata bayan wata. Nan na gane cewa ni ina jiran in gama ne sannan in fara nema, alhali asibitocin koyarwa irin su Malam Aminu Kano ko na Shika ko na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato ba kullum suke buɗe ɗaukar masu horon ƙwarewa ba, in talla ta fito ba ka da sakamakon jarrabawar furaimaris (jarrabawar farko ta shiga horon ƙwarewa) a hannu to sai dai ka bi ta da kallo, ita kuma jarrabawar ko ta kwalejin ƙwararrun likitoci ta ƙasa ce ko ta Afirka ta Yamma sau biyu ake yinta a shekara. Shawararta ita ce mutum ya zauna furaimaris tun yana hidimar ƙasa lokacin da karatun bai gudu daga kai ba, ya fara aika takardu kamar wata shida kafin ya gama, ya kuma je ya gaida manyan da zai saka a matsayin masu tsaya masa tun suna tuna fuskarsa a zagayen duba marasa lafiya a wod.

Ta tuna min da abin da da yawanmu ke sakaci da shi, lasisin wucin gadi na MDCN, hukumar da ke ba likitoci lasisi, shekara 2 ne kacal, a ciki ake so ka gama wata 12 na hausmanshif, wata uku uku a medisin, tiyata, yara da ɓangaren mata da haihuwa. Tun 2021 da aka koma neman gurbin hausmanshif ta shafin hukumar ana samun masu zaman jiran sai asibitin garinsu, lokaci kuwa yana tafiya. Ni na wuce wannan matakin amma na tura wa ƙanina da ke ajin ƙarshe. Mai niyyar aiki a Saudiyya ma, daktan ta ce ya fara tantance takardu ta kamfanin Dataflow da wuri don ba abin kwana biyu ba ne.

Gyaran CV ɗin ba laifi, sun rage min shi zuwa shafi biyu.

Inda raina bai yi daɗi ba shi ne guruf ɗin guraben aiki. Kusan duk abin da ake turowa asibitocin kuɗi ne na Legas da Abuja, wasu ma wa'adinsu ya wuce kafin a turo, ni kuma iyalina suna Kano mahaifiyata ba ta da cikakkiyar lafiya, ba inda za ni. Na tambayi yadda ake shiga aikin hukumar kula da asibitocin jiha a nan Arewa, gaskiya ba su da wani bayani mai ƙwari, sai da na koma wajen wani babban yayanmu a sana'a. Zama na uku kuma sau biyu ana ɗagawa saboda daktan tana kol, wato tana bakin aiki a asibiti, na fahimta tunda duk aikin ɗaya muke, amma da sun sanar da wuri da ya fi.

Idan kana hausmanshif ko ka shiga bautar ƙasa kwanan nan, ka biya na zaman farko kawai in sun yarda, ka tafi da kalandarka da biro. Ni dai na zauna furaimaris kafin in miƙa kakina, yanzu ina lokam, wato aikin wucin gadi, a wani asibiti a unguwarmu ina jiran talla ta fito.