Sharhi: yawon ganin damisa a dajin Ranthambore na Indiya

'Yan'uwanmu da ke zuwa Indiya karatu ko jinya, duk wanda Allah ya ba shi sararin kwana biyu, dajin Ranthambore ya cancanci kuɗinsa. Yana jihar Rajasthan, dab da garin Sawai Madhopur, kuma jirgin ƙasa daga Delhi ko Jaipur yana kai mutum har can. A watan Afrilu na je, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Da gangan na zaɓi lokacin, domin ciyawa ta bushe, ganye ya kaɗe, ƙishirwa kuma na koro namun daji bakin ruwa.

A sani tun farko, wannan ba gidan zoo ba ne. Babu keji, babu wanda zai yi maka alkawarin za ka ga damisa, wato babbar nan mai ratsi da Turawa ke kira tiger. An raba dajin shiyya 10, ana shiga sau biyu a rana, da sassafe da kuma bayan azahar, kowane zagaye kamar awa uku. Motoci iri biyu ne: ƙaramar jif mai ɗaukar mutum 6 da suke kira Gypsy, da babbar buɗaɗɗiya mai ɗaukar 20 da suke kira Canter. Na hau duka biyun, kuma shawarata ita ce a daure a biya kuɗin ƙaramar. Tana shiga lungu, tana juyawa da sauri, kana kuma jin abin da ɗan jagora ke faɗa. Baƙo daga wata ƙasa ya fi ɗan Indiya biya, kuma sai an duba fasfo a ƙofa, wanda aka yi rajista da shi.

Ɗan jagoranmu shi ne ya sa na ji ban yi asarar kuɗi ba. Ya tsayar da direba a kan wata hanya mai ƙura, ya nuna mana sawu, faɗinsa ya kai tafin hannun babban mutum, da wasu ƙanana a gefensa. Ya ce mace ce da 'ya'yanta, kuma ba su daɗe da wucewa ba tunda iska ba ta shafe gefen sawun ba. Aka kashe mota muka yi tsit. Can sai wani biri ya yi haushi daga kan bishiya, ƙatuwar barewar nan da suke kira sambar ta amsa da wata irin ƙara mai kaifi, ta ɗaga wutsiya tana dukan ƙasa da ƙafa. Ba a jima ba damisar ta fito daga cikin ciyawa, ja mai baƙin ratsi, tana tafe a hankali ko kallonmu ba ta yi ba. Ta shiga ruwa da baya-baya ta kwanta, 'ya'ya biyu suka biyo ta, ɗaya yana kai wa wutsiyarta cafka. Bahaushe na yi wa damisa kirari da ƙi-sabo, amma na nan sun saba da mota tun suna ƙanana. Sabon ya tsaya a kan mota kawai, shi ya sa doka ta hana kowa sauka.

Abin da ya fi burge ni shi ne babu mai haɗa su barbara. Aikin ma'aikatan gandun dajin shi ne su tsare wurin daga mafarauta, su tabbatar akwai ruwa da abin kamawa, sauran damisa ce ke yi da kanta. Tana ɗaukar ciki wata uku da rabi, ta haifi biyu zuwa huɗu, makafi, ta ɓoye su a kogo ko cikin sarƙaƙiya. Sukan yi kusan shekara biyu tare da ita kafin kowa ya nemi yankinsa. Da yawa ba sa kai wa nan, musamman idan baƙon namiji ya ƙwace yankin, domin yakan kashe 'ya'yan da ba nasa ba. Kowace damisa tana da lamba, ana gane ta da ratsin jikinta, wanda ba ya zama ɗaya da na wata, ta hanyar kyamarorin da aka ɗaura a bishiyoyi.

Ranthambore na cikin dazuzzuka 9 da aka fara shirin ceto damisa da su a 1973, zamanin firaminista Indira Gandhi. A ƙidayar 2006 damisa 1,411 suka rage a Indiya, ta 2022 kuwa ta nuna 3,682. Kowane direba a nan zai ba ka labarin Machli, mai lamba T-16, wadda aka ɗauki hotonta tana kokawa da kada, ta mutu a 2016 bayan ta cika dajin da zuri'a. Lokacin da mafarauta suka ƙarar da damisar wani daji mai suna Sariska kakaf, daga Ranthambore aka fara ɗaukar wasu a jirgi mai saukar ungulu a 2008 aka kai can, kuma sun hayayyafa.

Akwai abin da ban ji daɗinsa ba. Dillalin da ya yanka mini tikiti ta intanet ya ɗora riba mai yawa, gara mutum ya yi rajista da kansa da wuri, tunda kujerun ƙaramar mota kan ƙare. Sannan da zarar an ga damisa sai motoci su yi cincirindo, wasu 'yan yawon buɗe ido suna ihu suna miƙewa don hoto. Na ga uwar nan ta ɗago kai ta kwantar da kunne, raina ya ɓaci. Haka kuma ba a cika ba baƙo labarin mutanen ƙauyukan da aka tayar don a faɗaɗa dajin ba, ko makiyayan gefe da damisa ke kama wa shanu da awaki. Su ma suna biyan kuɗin wannan nasara, kuma da an riƙa faɗa wa mai ziyara da ya fi.

Mai niyyar zuwa ya tanadi zagaye fiye da ɗaya, ya riƙe ruwa da hula, ya rufe hanci saboda ƙura. Kada a sa tafiyar tsakanin Yuli da Satumba, domin manyan shiyyoyin a rufe suke saboda damina.