Garejin fenti a Kwakwaci, inda aka gyara min firaimar da ta fito da kaushi

Masu tambayata inda aka ƙarasa min fentin Corolla, a Kwakwaci ne a Kano, wani gareji can ciki bayan masu fanal bita, kuma gaskiya mutumin ya san aikinsa duk da akwai inda zan yi ƙorafi.

Ƙofa biyu da fenda aka fesa wa firaima, wato shafin farko da ake yi kafin fenti, a wani wajen daban, da ta bushe sai ta fito garas-garas, in ka shafa hannu kamar ka shafa yashi, har wani gari yana biyo yatsa. Wanda ya yi aikin ya dage wai firaimar ce jabu, a je Sabon Gari a sayo wani gwangwanin. Shi kuwa ogan garejin Kwakwaci ko sunan kamfanin bai tambaya ba, cewa ya yi da yaushe aka fesa, na ce bayan azahar, ga shi watan Afrilu, sai ya ce "Alhaji ai a iska ta bushe tun kafin ta sauka jikin motar."

Ya ce da zafin Kano na bazara da ke haura digiri 40, ƙarfen mota ya sha rana, in ka haɗa da tina (ruwan sirka fenti) mai saurin bushewa to ka gama, sai an nemi mai jinkiri. Ga kuma gan ɗin, wato bindigar feshi, yawanci yara da nozul (bakin bindigar) mai milimita 1.3 ko 1.4 na fesa kala suke fesa komai, alhali firaima mai kauri 1.8 take so, in ta ƙi fita sai su ƙure iskar kwamfuresa su ja baya, shikenan ƙura kawai suke watsawa. A gabana ya gwada a wani tsohon bonet, da ya tsaya nesa ta sauka a bushe ba sheƙi, da ya matso kamar taƙi ɗaya, santimita 15 zuwa 20, ya rage iska ya sassauta hannu kowane layi yana hawa rabin na baya, sai ga ta ta kwanta a jiƙe sumul. Gwangwanin da aka ce jabu ne fa ya yi amfani da shi.

Abin da ya fi burge ni bai rufe ɓarnar da sabon feshi ba, sai da ya sa aka goge kaushin tas da samfefa 320, don ya ce wadda ta sauka a bushe ba ta kama jiki sosai, gaba ɓarewa za ta yi. Haɗinsa ma da kofin awo yake yi, huɗu na firaima ɗaya na hadina (sinadarin da ke sa ta yi tauri) yadda aka rubuta a gwangwanin, ya tace kafin ya zuba, ya tsiyaye ruwan tankin kwamfuresa, kuma yana ba ta 'yan mintuna tsakanin shafi da shafi.

To ƙorafin, wajen rumfa ce kawai ba ɗakin feshi, ruwa suke yayyafawa a ƙasa don ƙura ta kwanta, ni dai ba zan kai masa mota da hunturu ba. Da sassafe kaɗai yake feshi shi ya sa aiki ke daɗewa, in ya ce maka gobe ka ƙara haƙuri. Sannan yaransa da ƙyalle suke toshe hanci, wlh wannan bai yi min ba, firaima mai hadina illa take yi wa huhu, na faɗa masa ya ce za a sayo mas, wato takunkumin hanci, na gaske.

Kuɗinsa ya ɗan fi na maƙwabta kuma ba ya son dogon ciniki. In za ka je ka tafi da gwangwanin firaimar da tinar da aka fara amfani da su, zai nemi ya gani.