Kayan Kiɗan da Yaro Zai Haɗa da Hannunsa: Wanne Ya Cancanci Riyalinka?

Tun da Saudiyya ta kafa Hukumar Kiɗa a 2020, darasin kiɗa ya fara samun gurbi a wasu makarantu, kuma iyaye Hausawa a nan Jidda suna ta tambayar abin da za su saya idan malama ta ce kowane yaro ya haɗa nasa abin kiɗa. Ni dai amsata ba ta canjawa: ku tafi shagon masu kayan famfo.

Siririn bututun roba na ruwa, mai faɗin rabin inci, ya fi duk wani kwali mai ƙyalli. Tsawonsa ne ke ba da murya. Idan aka toshe gindinsa aka hura bakinsa, mai kusan santimita 33 yana ba da "do", wato muryar farko a jerin do-re-mi, mai kusan 16 da rabi yana ba da wannan "do" ɗin a sama. Yaro ya auna da rula, ya sa alama, babba ya yanka da zarto, yaron ya goge bakin da samfefa har ya daina kartar leɓe. Ga lissafi, ga aikin hannu, ga kiɗa, duk a zama ɗaya. A yanka da ɗan rara, sai a cusa salsal, wato yumɓun wasan yara, a gindi, ana turawa ana saurare har muryar ta zauna. Bututu biyar a ɗaure da tef sun isa waƙar aji. In ɗaya ya ɓata, babu kuka, a yanko wani. Ku dai sayi sabo ku wanke shi, kada a tsinto a wurin gini.

Kalimba ta haɗawa, ɗan katakon nan mai siraran ƙarafa da ake kaɗawa da babban yatsa, tana da daɗin ji, amma laimar Jidda ba ta barin ƙarfenta, tsatsa ke cin shi. Bandirin kwali kuwa mako guda ne.

Sarewar Yamaha ta roba ba laifi, sai dai ba a haɗa komai a cikinta, kuma a nan jabu ya yi katutu. Akwai YRS-23 da YRS-24B, ɗora yatsunsu ya ɗan bambanta, don haka a tambayi malama wacce ajin ke amfani da ita kafin a biya.

Inda nake son ku buɗe ido shi ne katakon kiɗan nan mai launi-launi da ake bugawa da sanda. Na taɓa yin odar guda ta intanet, hoto kamar a lasa. Da ta iso, katakai takwas, fenti takwas, amma uku muryarsu ɗaya sak. 'Yata ta buga ta ce, "Baba, wannan ai ba ya hawa." Mai sayarwa ya daina amsa saƙo. Irinsu sun cika shagunan kayan arha da ake kira abu riyalain. Kafin ku biya, ku sauke manhajar gwada murya a waya, kyauta ce, ku buga kowane katako a gaban mai shago. Ya hana a buɗe kwalin? Ku ajiye masa kayansa. Ku shinshina fentin, ku murza da yatsa mai danshi, in ya fita to bakin yaro zai shiga. Ku duba shekarun da aka rubuta, da ƙananan kusoshi ko maganaɗisu da ƙanin yaron zai iya haɗiyewa. Kwalin da babu sunan kamfani ko ƙasar da aka yi shi, ko nawa aka rage kada ku ɗauka, kuma ku karɓi fatura, wato rasit.