Félicia ko Ebimpé? Ga shawarata Alhaji

Alhaji tunda ka ce tikitin wasa ɗaya kaɗai za ka iya saye a wannan tafiyar taka ta Abidjan, ni dai kar ka tsaya dogon lissafi, ka ɗauki na filin ƙwallon Félix Houphouët-Boigny, wanda su can suke ce ma Félicia, ka bar na filin Ebimpé.

Lokacin gasar cin kofin Afirka a watan Janairun 2024 na shiga duka biyun. A Félicia na kalli wasanmu na Najeriya da Kamaru ranar 27 ga wata, kuma wallahi har yau in na tuna sai tsikar jikina ta tashi. Filin a tsakiyar gari yake, unguwar Plateau, bakin ruwa, girmanshi kusan ɗaya da filin Karkanda ɗinmu na Katsina, to shi ya sa in ya cika ihun mutane ba ya watsewa, a ƙirjinka kake jin shi. Na yi magariba a babban masallacin Plateau na taka da ƙafa har ƙofar fili, ba tasi ba komi. Ina zaune na ga Osimhen ya fizge ƙwallo a ƙafar ɗan bayansu ya miƙa ma Lookman, kafin ta gama shiga raga wani dattijo ɗan Maraɗi da ke gefena ya rungume ni hularshi ta faɗi ƙasa bai ma sani ba, ana dab da tashi Lookman ya ƙara ta biyu aka gama 2-0. A nan dai muka ci Guinea-Bissau, a nan Lookman ya sake ci ya fitar da Angola ranar 2 ga Fabrairu, fili ne da ya karɓe mu ƙwarai. Kuma kana fitowa ga masu garba nan, acaken rogo da soyayyen kifi da barkono, da yawansu mutanen Nijar ne, da Hausa za ka yi ciniki ka ci ka ƙoshi ka tsallaka Treichville ka kwanta da wuri.

Shi kau Ebimpé, wato filin Alassane Ouattara, eh babba ne, mutum 60,000 yake ci, a 2020 aka buɗe shi, yana kyau a hoto. Amma can bayan gari yake wajen Anyama, rabin wuninka a cunkoson mota zai ƙare, kuɗin tasi zuwa da dawowa sai da ya fi mani kuɗin tikitin. Can ne kuma 'yan Kodebuwa suka doke mu 2-1 a wasan ƙarshe ranar 11 ga Fabrairu bayan Troost-Ekong ya fara ci.

Sai abin da ba ka tambaya ba amma dole in faɗa maka. Kar ka yarda ka sayi tikiti a hannun samarin da ke tare mutane a bakin hanya, wai saura guda biyu Alhaji ka yi sauri. Hoton tikiti ɗaya suke tura ma mutum biyar a waya, wanda ya riga kai ƙofa shi na'ura za ta karɓa, sauran a mayar da su, in ka waiwaya mai sayarwar ya ɓace. Da sun ga babbar riga sun ji ba ka jin Faransanci sai su ninka maka farashi. Ka saya a tagar da hukuma ta ware ko a shafinsu na intanet, ka sa mai masaukinka ya raka ka. Haka 'yan canji, ka canza sefarka tun a nan Katsina wurin wanda ka sani, ka ƙirga a gabanshi.

Ka tafi da wuri kafin a fara rufe titunan Plateau. Allah ya kai ka lafiya ya maido mana da kai lafiya.