Tuwon Hajiya a lungun da ke kusa da Babban Masallacin Legas

Shekara shida ke nan ina tsaron shagon leshi da atamfa a kasuwar Balogun, kuma abincin rana ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Daga Agege nake fitowa bayan asuba. Kafin danfo, bas ɗin haya na Legas, ya sauke ni a Idumota kuɗin mota ya riga ya taɓa aljihu, balle tun da aka cire tallafin mai a 2023. Gidajen abinci masu sanyi na wajen Marina da titin Broad kuwa na ma'aikatan banki ne, faranti ɗaya sai ya lashe wa irinmu ribar rabin yini.

Buka, wato rumfar abincin Yarbawa, tana da sauƙi, ban raina ta ba. Na ci amala da ewedu, na ci ewa agoyin da burodin Agege, suna riƙe ciki sosai. Sai dai ina da olsa, barkononsu da manja ba sa barina in yi barci.

Wani ɗan canji ne ya fara kai ni wurin Hajiya bayan mun idar da azahar a Babban Masallaci na titin Nnamdi Azikiwe. Lungu ne siriri, babu allo babu suna, rumfar kwano ce da benci uku da manyan kuloli a jere. Tuwon shinkafa take yi da na masara, miya kuwa kuka da busasshiyar kuɓewa da taushe. Kukarta ce ta kama ni. Daddawa ce ta gaske a ciki, ba tulin magi ba, kuma ba ta tsinke kamar ruwa ba. Ta ce mini da kanta take zuwa kasuwar Mile 12 ta zaɓo kuka da daddawa idan motocin Arewa sun sauke kaya. In ka ce a sa man shanu, za ta ɗiga maka cokali guda ba tare da ta ƙara ko sisi ba. Ranar farko da na kai loma sai da na tuna tsakar gidanmu.

A makon nan malmala biyu da miya naira 1,200 na biya, yankan nama 500. Garau-garau da mai da yaji 1,000. Da wannan nake kaiwa magariba ina ɗaga bandir ɗin yadi ban ji jiri ba.

Abin da ya sa ban sauya wuri ba shi ne awonta. Masu abinci da yawa a Ailan, wato tsibirin Legas inda kasuwarmu take, idan kaya sun yi tsada sai su bar kuɗin yadda yake, su riƙa ƙanƙantar da tuwon a ɓoye, har ka ci biyu ka tashi kamar ba ka ci ba. Ita ba ta yin haka. Lokacin da shinkafa ta hau, ina wanke hannu ta ce, "Ɗana, daga gobe malmala ta ƙara ɗari. Gara in faɗa maka da in rage maka ita." Na ce, "Hajiya, Allah Ya saka da alheri, mun yarda." Har yau malmalarta tana cika tafin hannu.

Wurin yana da nasa matsaloli. Akwai ƙunci da zafi, kwanon rumfar yana gasa mutum da tsakar rana. In an yi ruwan sama kwatar lungun takan cika, sai ka tattare wando kafin ka isa benci. Kuma da zarar an sallame azahar 'yan dako da masu gadi da 'yan canji za su yi dafifi, wani a tsaye zai ci. Taransifa tana karɓa, amma sabis yakan yi wuya a cikin lungun, ka riƙe tsabar kuɗi ya fi.

Masa ranar Juma'a kawai take yi, da miyar taushe mai kabewa, kuma ba ta kaiwa bayan saukowa daga masallaci. Sauran ranaku ni sha biyu da rabi nake zuwa, kafin kiran salla, lokacin tuwon yana tururi kuma akwai wurin zama. Wanda ya wuce biyu da rabi kuɓewa kaɗai zai tarar. Masu sayar da hula da carbi a bakin masallacin duk sun san ta, ka ce musu mai tuwo kake nema za su nuna maka lungun.